Tambaya da Amsa Daga Kicin: Fai Mai 'Ya'yan Itace a Eya Firaya

Assalamu alaikum uwargida da amarya, har da maigidan da yake leƙowa wannan shafi namu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon mafi yawansu akan abu ɗaya suke, wato ɗan ƙaramin fai ɗin nan mai siffar mitfai wanda cikinsa ba nama bane 'ya'yan itace ne, ana gasa shi a eya firaya, injin nan na lantarki mai gashi da iska mai zafi, cikin 'yan mintoci a riƙe a hannu a ci. Na zaɓo waɗanda amsarsu zata amfani kowa, wacce bata ga nata ba tayi haƙuri ta duba da kyau, ina kyautata zaton matsalarta tana cikin waɗannan.

Tambaya: Anti salam dan Allah ki taimaka min. Cikin kayan kicin ɗina an saka min eya firaya amma banda dankali da kaza ban taɓa yin komai da ita ba, shekaranjiya nace bari in gwada fai na aful, na yanka aful ɗin na barbaɗa suga na naɗe a kwaɓin mitfai na saka, wallahi duk suka fashe ruwan ya tsiyaye ƙasan kwandon ya ƙone gidan duk ƙauri, sama tayi ja amma ƙasan fai ɗin ɗanye caɓal. Injin ne bashi da kyau ko kuwa? Daga amarya a Zariya.

Amsa: Wa alaikis salam amarya, Allah ya sanya alheri ya bada zaman lafiya. Injinki lafiyarsa ƙalau, ɗanyen aful ɗin nan da kika zuba shine ya jawo komai, kuma zan ɗan tsawaita anan saboda duk wacce ta gane wannan amsar sauran duk masu sauƙi ne.

Kinga ita eya firaya ba suya take yi ba, ƙaramin obin ce, akwai ƙarfe mai ɗaukar zafi a samanta sai fanka da take hura zafin da ƙarfi yana zagaya abincin. Kamfanin Philips ne ya fara nuna ta a wani baje kolin kayan lantarki a birnin Balin na Jamus a 2010, kuma abinda yasa ta karɓu shine saurinta, wurin ƙarami ne iskar kuma mai ƙarfi, dan haka bayan abinci yana yin ja cikin minti goma. Toh anan matsalar take, minti goman da ya ishi fulawa tayi ja bai ishi ɗanyen aful ya dahu ba, gashi shi aful sama da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, kina barbaɗa masa suga sai sugan ya dinga zuƙo ruwan nan waje, zafi ya taɓa shi ya zama tururi, tururin ya rasa hanyar fita ya ɓalle bakin fai ɗin, wanda bai fita ba kuma ya kwanta a ƙasa ya jiƙa kwaɓin. Abinda kika gani kenan babu wani abu daban.

Maganin shine ki dafa haɗin cikin tun a tukunya, ki ɗaure ruwansa, ki barshi ya huce sosai kafin ya taɓa fulawa. Ki samu aful uku matsakaita, in da hali kore mai ɗan tsamin nan dan yafi riƙe jikinsa a wuta, ki fere ki cire tsakiyar ki yanka ƙanana-ƙanana. Ki ɗora tukunya da bota babban cokali ɗaya, ki zuba aful ɗin da suga cokali biyu ko uku, garin kirfa rabin ƙaramin cokali, ɗan gishiri ƙalilan da matsin rabin lemon tsami, kina juyawa a wuta matsakaiciya minti biyar zuwa shida har yayi laushi amma bai dagargaje ba. Sai ki dama kwanfulawa babban cokali ɗaya da ruwan sanyi cokali biyu ki zuba kina juyawa, kuma dole ki bari ya tafasa kamar minti ɗaya, in bai tafasa ba kwanfulawar bata kamawa kuma zakiji garin-garin a baki. Yadda zaki gane yayi, ki ja cokali a tsakiyar tukunyar, in hanya ta buɗe bata koma ta rufe nan take ba toh yayi. Ki juye a faranti mai faɗi ki baza ya huce. Dan Allah kar kiyi gaggawa anan, haɗi mai ɗumi yana narkar da botar dake cikin kwaɓi tun kafin ki kai ga naɗewa, daga nan fai ya lalace tun bai shiga inji ba.

Kwaɓin kuma fulawa giram 250, wato kofi biyu ko wajen gwangwanin madara uku, bota mai sanyi giram 125 rabin ledar nan mai giram 250 kenan, suga cokali ɗaya da ɗan gishiri. Ki murje botar cikin fulawar da kan yatsunki har ya koma kamar garin kwaki, sai ki dinga yayyafa ruwan sanyi cokali-cokali, huɗu zuwa biyar yawanci ya isa, kina haɗe shi kawai ba bugu ba. Ba kwaɓin biredi bane, in kika buga shi zaiyi danƙo ya fito da tauri. Ki naɗe a leda ki saka a firji rabin awa. Ki murza kar yayi kauri, milimita uku haka, in kina son kwatance ya ɗan fi na mitfai siranta, ki fitar da shi zagaye da bakin ƙaramin kwano, zaki samu goma ko sama kaɗan. Cokali ɗaya na haɗi ya isa kowanne, nasan zuciya zata ce ki ƙara amma ƙarin nan shine yake hana baki rufuwa. Ki shafa ruwan ƙwai a gefe, ki ninke, ki danne da cokali mai yatsu, sannan abu mai muhimmanci da yawancin mata ke mantawa, ki tsaga saman da wuƙa sau biyu ƙanana dan tururi ya samu ƙofa. Ki shafe saman da ƙwai ki barbaɗa suga kaɗan in kina so.

Ki kunna injin ya ɗau zafi minti uku a digiri 180, in naki lambobinsa irin na Amurka ne toh 350 ko 360 zaki saka. Ki shafa mai kaɗan a kwandon ki jera su da tazara kar su taɓa juna kar kuma ki ɗora wani kan wani, minti takwas sai ki juya su a hankali ki ƙara uku ko huɗu. Juyawar nan ita ke gasa ƙasan, tunda zafin daga sama yake saukowa. Injuna sun bambanta da ƙarfi dan haka zubin farko ki leƙa tun a minti shida. In sun fito ki basu minti goma kafin kowa ya ciza musamman yara, bayan yana iya hucewa amma cikin yana nan da zafinsa saboda sugan, yana ƙona baki ba da wasa ba.

Tambaya: Hajiya barka da aiki, ni yarana biyar kuma aful yanzu sai dai kallo, guda uku kuɗin cefanen miya ne. Babu wani abu namu na gida da zan iya sakawa? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: 'Yar uwa wallahi wannan tambayar tayi min daɗi, dan ni a ganina wahalar da kanmu muke yi da bin aful. Mafi yawan aful ɗin da ke kasuwanninmu shigo da shi ake daga waje, dole yayi tsada, alhali kina Kano ga Kasuwar 'Yan Lemo a Na'ibawa motoci na sauke kaya iri-iri. Kuma in za'a bi ta ɗanɗano ni a wajena fai ɗin mangwaro yafi na aful nesa ba kusa ba.

Mangwaro ki zaɓi marar zare mai tsoka, wanda ya nuna amma da sauran ƙarfinsa in kin danna, wanda ya nuna luguf ruwa ne zalla ki barwa yara su sha. Ki yanka kofi biyu, suga cokali ɗaya kawai ko ma babu in mai zaƙi ne sosai, lemon tsami ki ɗan ƙara hannu dan shine yake taso da ɗanɗanon, sai ɗanyar citta gogaggiya ɗan kaɗan. Minti uku ya ishe shi a wuta dan baya son dogon dahuwa, sai kwanfulawa yadda na faɗa wa amarya. In babu kwanfulawa garin kastad yana yi tunda shima asalinsa sitacin masara ne aka sa masa kala da ƙamshi.

Abarba ita ce sarauniyar wannan aiki in kin iya da ita amma tafi kowa ruwa. Ki yanka ƙanana ki cire ƙashin tsakiya, ki zuba a tukunya ba ruwa ko ɗigo, ki barta ta fitar da nata ta ƙone shi da kanta, zai kai minti goma zuwa sha biyu, ki jefa kanumfari biyu suna dahuwa tare ki tsame su daga baya. Kuma in yaranki na ƙorafin abarba na yanka musu harshe, dahuwa tana kashe sinadarin da ke kawo wannan ƙaiƙayin, zasu ci lafiya. In kika haɗa ta da gogaggiyar kwakwa cokali biyu, kwakwar tana shanye sauran ruwan ga kuma daɗi.

Ayaba ce kaɗai na yarda a saka ɗanya, saboda bata da ruwa mai gudu kuma tana laushi da wuri, ki yanka ki yayyafa lemon tsami kar tayi baƙi, ɗan suga da kirfa shikenan, in akwai tunkuza ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai kauri ki lakata a ƙasa kafin ki ɗora ayabar, yara basa barin ko ɗaya. Gwaba sai an dafa an tace 'ya'yan dan suna iya fasa haƙori, a maida tukunya a ƙone ruwan har tayi kauri, aiki ne amma ƙamshinta ya biya. Dabino kuma ki cire ƙwallon ki jiƙa busasshen a ruwan zafi yayi laushi ki daka ko ki markaɗa da bota kaɗan da kirfa, baya buƙatar suga baya buƙatar kwanfulawa, baya tsiyaya ko kaɗan, dan haka wacce take koyo ma da shi ya kamata ta fara, kuma da azumi yana da kyau wajen buɗa baki da shayi. Masu zama kusa da Jos lokacin sanyi suna samun sitiroberi da ake nomawa a can wajen ƙauyen Chaha, shima yana yi sai dai ruwansa da yawa a ƙara kwanfulawa rabin cokali.

Waɗanda zaki bari su ne kankana da lemon zaƙi, ruwa ne kawai babu abinda zai rage miki, gwanda kuma in ta dahu salam take sai dai a haɗa ta da abarba.

Wani abu kuma tunda mangwaro lokaci gareshi, yazo yayi arha har ya dinga ruɓewa sannan ya ɓace. A kudancin Amurka inda irin wannan fai ɗin ya daɗe a gidaje, da busasshen aful da busassun 'ya'yan itace suke yinsa, su shanya lokacin da yake da yawa su ajiye, in ana buƙata a jiƙa a dafa a naɗe a soya a mai. Mu da Allah ya hore mana rana, ki yanka mangwaro falle-falle ki shanya a tire ki rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, in ya bushe ki adana a kwalba mai murfi. Haɗin da aka yi da busasshe ma yafi kama jikinsa.

Tambaya: Anti ni namiji ne ɗalibi, mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi eya firaya a ɗakinmu. Gaskiya bazan iya kwaɓa fulawa da murzawa ba, babu gajeriyar hanya? Daga wani ɗalibi a Bauci.

Amsa: Akwai ɗana, Allah ya bada sa'ar karatu. Mafi sauƙi biredi mai yanka-yanka, ka yanke gefunan ka murje kowanne da kwalba mai tsabta har yayi fale-fale, ka saka ayaba ko dabino cokali ɗaya, ka shafa ruwa ko ƙwai a bakin ka ninke ka danne da cokali mai yatsu, ka shafa bota a bayansa duka gefe biyu, 180 minti shida zuwa bakwai ka juya a tsakiya. Sabon biredi mai laushi zaka nema, wanda ya kwana karyewa yake in an ninke.

Wanda yafi wannan daɗi kuma fallen samosa ko na sifirin rol da ake saidawa a shagunan kayan sanyi. Mutanen Filifin suna da wani abin titi da suke kira turon, ayaba ce ake birgima ta a suga mai ruwan ƙasa a naɗe a irin wannan fallen a soya, toh shi zaka yi amma a injinku. Ka raba ayaba gida biyu a tsaye, ka naɗe tam ka manne bakin da fulawa da aka dama da ruwa, sannan ka shafe shi da mai sosai da buroshi ko da yatsa, wannan shafa man ba'a tsallake shi, fallen da ba mai bushewa yake yayi fari ƙeƙas ba daɗi. Minti bakwai zuwa takwas a 190. Sauran fallen ka rufe da tsumma mai ɗan danshi kana aiki dan iska na busar dasu nan da nan. Kuma ku ci da zafinsa-zafinsa bayan ya ɗan sha iska, wannan baya jiran gobe.

Tambaya: Ina wuni Hajiya. Ni matsalata zafi, ina fara murza kwaɓi sai ya narke ya dinga manne wa tebur da hannuna, mai na fitowa, firigo kuma ba kullum yake da sanyi ba. Ya zan yi? Daga wata 'yar uwa a Maraɗi.

Amsa: Lafiya lau 'yar uwa, ina gaida mutanen Maraɗi. Wannan ba laifin hannunki bane, bota ta gaskiya tana narkewa tun zafi bai wuce digiri 35 ba, mu kuma daga Maris zuwa Mayu kicin ɗinmu yana haura 40, kinga tun a kwano ta zama mai. Abinda nake ba mata shawara shine su canja lokacin aikin, kiyi kwaɓinki bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, haɗin 'ya'yan itacen kuma ki dafa tun da dare ya kwana ya huce. Ki sayi ƙanƙara ƙulli ɗaya, ki zuba a babbar roba ki ɗora kwanon silba akai kiyi murjin botar a ciki, ruwan kwaɓin ma na ƙanƙarar zaki ɗiba. In babu firigo, wato firji, ki saka kwaɓin a leda ki kwantar akan ƙanƙarar cikin kula minti ashirin, daidai yake da firigo. Sannan kar ki fito da shi duka, ki raba huɗu kina ɗauko ɗaya-ɗaya, sauran suna cikin sanyi.

Botar gashi irin ta masu kek da mitfai, wadda da man itatuwa ake yinta, tafi jure zafi akan bota ta madara, lokacin bazara ita zaki nema ko da ƙamshin bai kai ba. Kuma in ya fara mannewa kar ki dinga ambaɗa masa fulawa, yawan fulawar nan ita ke maida fai tauri, ki murza shi tsakanin leda biyu masu tsabta ko ki maida shi sanyi minti goma ki dawo.

Tambaya: Anti ƙaramin janareta garemu, ina kunna eya firaya sai ya shaƙe ya mutu. Sannan na shimfiɗa takardar gashi a ciki naga gefenta ya babbake. Daga uwargida a Gusau.

Amsa: Ki daina haɗa ta da wannan janaretan kafin ki ƙona shi. Yawancin eya firaya suna jan wat 1200 zuwa 1800, ki duba ƙasanta ko bayanta an rubuta, shi kuma ƙaramin janaretan nan na gida ko 1000 baya kaiwa. Masu sola ma in inbatarsu ƙarama ce bazata ɗauka ba, in babba ce a bari sai rana ta take kar a tsotse batir da dare. A wutar gari kam bata da cin da ake tsoro, mai wat 1500 in tayi rabin awa tana aiki bata wuce kashi uku cikin huɗu na yunit ɗaya ba. Ki jona ta kai tsaye a soket na bango, siraran wayoyin ƙari ɗin nan suna ɗaukar zafi har su narke.

Zancen takarda kuwa ki kiyaye sosai dan gobara ce. Kar ki taɓa saka ta injin na ɗaukar zafi babu abinci akai, fanka zata ɗaga ta ta kai ta jikin ƙarfen sama ta kama. Ki yanka ta daidai inda fai zai zauna, ki huhhuda ta dan iska ta ratsa, ki ɗora fai ya danne ta sannan ki tura kwandon. In sugan da ya tsiyaya ya ƙone a kwando kar ki kankare da soson ƙarfe zai ɗaye fentin da ke hana kamu, ki jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu ya saki da kansa.

Ranar da babu wuta kuma kin riga kin naɗe, ki zuba yashi mai tsabta a tukunya mai kauri ki ɗora a gas ko gawayi ya ɗau zafi, ki ɗora faranti akai ki jera ki rufe, minti ashirin zuwa ashirin da biyar kina dubawa, ko kawai ki soya su a mai.

Tambaya: Hajiya surukata tana da ciwon suga kuma tana son kayan zaƙi, naji ance abinda aka yi a eya firaya baya cutarwa tunda babu mai, kuma zan saka dabino ko zuma maimakon suga. Zan iya yi mata? Daga wata matar aure a Kaduna.

Amsa: Ƙanwata Allah ya saka miki da alheri da kula da Mama, Allah ya bata lafiya. Amma wannan maganar da kika ji ba haka take ba kuma ina so ki fahimce ni sosai dan lafiyar mutum ce. Abinda injin ya rage shine man suya kawai, wannan kam gaskiya ne kuma ci gaba ne, ko kamfanin McDonald's da ya fara saida soyayyen fai na aful a 1968 ya koma gasawa a mafi yawan shagunansa na Amurka a 1992. Amma gashi baya cire botar da ke cikin kwaɓi, baya cire suga, ita kanta farar fulawa in ta shiga jiki suga take komawa. Dabino kuwa wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa suga ne, zuma ma haka ko fiye, albarkarsu da amfaninsu na nan amma suna ɗaga sugan jini, fai ɗin dabino shine ma wanda zan ce ki nesanta da ita.

In har likitanta ya yarda ta ɗan taɓa irin wannan jefi-jefi, kiyi mata da fallen samosa tunda siriri ne fulawarsa kaɗan, cikin kuma koren aful dafaffe da kirfa da lemon tsami ba suga ko kaɗan, ƙarami guda ɗaya, bayan taci abinci mai ganye da nama ko wake ba da yunwa ba. Kirfar dan ƙamshi ce ba magani bace, kar wani yace miki tana goge zaƙin. In kuna da na'urar gwajin suga a gida a gwada bayan awa biyu aga yadda jikinta ya karɓa, in ya hau sai a haƙura. Kuma tunda an ambaci zuma bari in faɗa wa masu goyo, jaririn da bai shekara ɗaya ba ba'a bashi zuma ko a cikin gasasshen abu ne.

Tambaya: Anti ina saida mitfai da samosa daga gida, inaso in ƙara wannan, kwana nawa yake yi bai lalace ba, kuma zan iya yin oda babba da eya firaya? Daga mai sana'a a Katsina.

Amsa: Allah ya sanya albarka a sana'a 'yar uwa, kuma ki ƙara shi dan masu yinsa basu da yawa, a tiren biki ko kayan buɗa baki zai fita daban. A yanayin zafinmu wanda aka gasa kar ya wuce wuni ɗaya a waje, a firji mai sanyi kwana uku zuwa huɗu, in za'a ci a maida shi inji a 160 minti uku ko huɗu ya dawo garas. In kin saka madara ko kirim ko kastad da aka dama da madara a ciki toh wannan hukuncinsa daban, baya wuce awa biyu a waje, da zafi ma awa ɗaya, dan haka na saidawa ki tsaya a 'ya'yan itace zalla. Kar ki ƙulle su a leda ko roba da ɗuminsu, zasuyi gumi suyi laƙwas kafin su isa hannun mai saye, ki barsu akan raga su huce tukuna.

Dabarar da zata sauƙaƙa miki ita ce ki naɗe su ɗanyu ki tsaga saman, ki jera a tire a firiza su daskare sannan ki juye a leda, suna kai wata biyu in firizar bata saki ba. In oda tazo ki ɗauko a daskarensu ki shafa ƙwai ki saka a 170 ki ƙara minti huɗu ko biyar akan lokacin da kika saba, kar ki bari su narke tukuna. Amma in wuta ta daɗe bata zo ba har suka saki, ki gasa su ranar gaba ɗaya kar ki sake daskarar dasu.

Oda babba kam gaskiya ba aikin eya firaya bane, kwandon gida huɗu ko biyar yake ɗauka a zubi ɗaya, kowane zubi kusan minti sha biyu, in aka ce miki guda ɗari kinga kin haura awa huɗu kina tsaye ga injin yana wahala. Ki barta ga ƙananan oda na goma zuwa ashirin da gwajin sabon haɗi, manya ki kai obin ɗin da kike gasa mitfai a 190 minti ashirin zuwa ashirin da biyar. Kuma ki bambanta siffarsu da mitfai ɗinki, kiyi su masu kusurwa uku ko huɗu ko ki barbaɗa suga da kirfa a sama, sannan wanda kika saka gyaɗa a ciki ki faɗa wa mai saye dan akwai waɗanda jikinsu baya karɓarta.